Matacin fentin mota: 125 zan saya ko 190?

Ɗan Gagarawa ya rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena a sana'a. An ce matambayi ba ya ɓata, shi ya sa na kawo kukana nan.

Ni mai fentin mota ne a wani ƙauye kusa da Gagarawa, ta ɓangaren Gumel. Kada ku ji na ce gareji ku ɗauka wani babban wuri ne. Rumfar kwano ce na kewaye gefe uku da tamfol, ga darbejiya a bakinta, sai kwamfireso mai lita 50 da ƙaramin janareta. Shekara huɗu na yi a hannun ogana kafin ya yaye ni. Yawancin aikina tankin babur ne da A Daidaita Sahu, sai jefi-jefi ƙofar Golf ko bamba.

Makon jiya aka kawo mini aikin da ya fi kowanne girma tun da na buɗe. Wani direba ne mai Sharon ruwan azurfa, ya taso daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis da magariba, wani sa ya tsallako masa titi. Allah ya tsare rai, amma bonet da fendar dama sun lotsa. Fanal bita ya miƙe ƙarfen, ni kuma na karɓa. Na sa fila na cike lotsawar, na goge, na fesa faraima, wato fentin shimfiɗa na farko, na sake bi da samfefa har sai da na shafa na ji sumul kamar tangaran. Na fesa otobes, wato fentin kalar, hannu uku, na bi da kiliya, wato ruwan sheƙi marar kala da ake rufewa da shi, hannu biyu. Da yamma abin gwanin sha'awa.

Da gari ya waye na fito da ita rana, wallahi sai gabana ya faɗi. Bonet ɗin kamar an barbaɗa masa tsaki. Wasu ƙurajen in ka kai ido kusa za ka ga ɗan zare siriri a kwance cikin kiliyar, wasu kuma ƙwaya ce mai tauri da farce ke kamawa. Kuma na tuna lokacin da nake fesa hannu na biyu gon ɗina, wato bindigar feshi, ya yi ta tari, yana tofo fenti gutsi-gutsi.

Ga abin da nake tacewa da shi: tsohon gyalen uwargida, na ninka biyu, na ɗaure a bakin kofin gon da roba. Kafin shi rariyar shayi ta ƙarfe nake sawa. Haka na ga ogana yana yi, kuma a kan babur da Keke ban taɓa jin wani ya yi ƙorafi ba.

Ƙanena zai shiga Kano ranar Asabar. Na kira wani mai sayar da kayan fenti a Ƙofar Ruwa, ya ce yana da matacin takarda mai siffar mazurari iri biyu, ɗaya an rubuta 125, ɗaya 190. Akwai kuma na roba wanda ake wankewa a sake amfani da shi, an rubuta masa 100 mesh. Na ce wanne ya fi, ya ce mini duk mataci ne. A lissafina 190 ta fi 125 yawa, ke nan ita ta fi tacewa, ko ba haka ba ne? Na 100 ɗin kuma ina ya faɗa a tsakaninsu? Shin iri ɗaya zai yi mini faraima da otobes da kiliya gaba ɗaya, ko kowanne da nasa? Kuɗin hannuna ba yawa, bonet ɗin nan ma daga aljihuna zan sake fesa shi, don haka ba na son sayen abin da zai zauna a kwali.

Tsohon Hannu, Wudil, ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin a kai ga lamba, fara mayar wa matarka gyalenta, in ya wanku.

Zaren da ka gani kwance a cikin kiliya, daga gyalen nan ya fito. Duk ƙyallen da aka saƙa don sawa a jiki yana zubar da gashi, balle wanda ya tsufa, ya sha wanki da rana. Tina kuwa, wato ruwan da ake sirka fenti da shi, ba ta da kunya, tana shiga cikinsa ta kwaso gashin, ta kwaso sauran sabulu, ta kwaso man kitso da turaren da ya sha shekara da shekaru. Kai kana ganin tacewa kake yi, ashe zuba datti kake yi da hannunka.

Kada ka ga laifin oganka. Mu ma haka muka taso. Na fara riƙe gon zamanin da 504 ta Kaduna ta cika titi, kuma a lokacin fentin selulos muke fesawa. Selulos yana da wani hali: ko ya bushe, in tina ta taɓa shi sai ya narke. Ɓawon da ya bushe a bakin gwangwani in ya faɗa cikin kofi, kafin ka gama motsawa ya koma fenti. Bayan haka duk aikin selulos sai an bi shi da samfefa da foli kafin ya yi sheƙi, saboda haka ƙurji biyu ko goma ba ya tayar wa kowa da hankali. Fentin da ake haɗawa da hadna, wato sinadarin da ke sa shi daskarewa, ba haka yake ba. In ya daskare ya daskare ke nan, ko ka jiƙa shi a tina kwana bakwai ba zai koma ruwa ba. Dabarar da ta yi mana aiki a da, ita ce take kunyata ku yanzu, don fentin ya canza, dabarar ba ta canza ba.

Abu na biyu, ruwan azurfa ba ya rufa asiri. Rawayar Keke ko baƙin tankin babur suna haɗiye kuskure. Azurfa a kan faffaɗan bonet kuwa, rana na dukansa duk abin da ka yi sai ya fito.

Amma kada ka ɗora wa mataci laifin da ba nasa ba. Ka ce a rumfa kake, kuma yanzu hunturu ne. Ga gwajin da nake sa yarana su yi. Ka sami gilashin taga ko fasasshen gilashin mota, ka wanke shi tas. Ka haɗa kiliya kaɗan, ka ɗiga cokali ɗaya a gefe guda kai tsaye daga kofin haɗi, ka kifa kwano a kai. A ɗaya gefen ka fesa da gon, shi ma ka kifa kwano nan take. A wani gilashin kuma ka fesa ka bar shi a buɗe a inda mota take tsayawa. In ɗigon farko yana da ƙwaya, dattin yana cikin fenti. In shi tsaf yake amma wanda ka fesa ka rufe yana da ƙwaya, to gon ne ko tiyo. In na buɗen ne kawai ya lalace, iska ce, kuma ko matacin duniya ka saya ba zai tare ƙurar da ke saukowa daga sama ba.

Ni 190 nake sawa a komai, ban da faraima mai kauri. Yaran yanzu za su zo su yi maka bayanin lambobi, sun fi ni iya wannan.

Mai Oba ya rubuta:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Ni lambobin zan ɗan warware, don na yi shekaru a wani gareji mai ɗakin gasa fenti a cikin birni kafin na dawo gida Ringim.

Ɗan'uwa, lissafinka ya juya. Lambar 125 da 190 ba ƙarfin tacewa suke nunawa ba, faɗin idon ragar ne, a ma'aunin da ake kira maikiron. Maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin 1000 na milimita. Silin gashin kan mutum yana kai wajen maikiron 70, wani ya fi, wani bai kai ba. Ke nan idon 125 bai kai kaurin sili biyu ba, na 190 kuwa ya kusa sili uku. Ƙaramar lamba ita ce mai matsattsen ido. 125 ta fi 190 tacewa.

Mesh kuma akasin haka yake, kuma nan ne mutane ke rikicewa. Shi yana ƙirga yawan idanu ne a tsawon inci ɗaya na raga, saboda haka babbar lamba ita ce mai laushi. Mesh 60 ya yi daidai da maikiron 250. Mesh 80 wajen 180. Mesh 100 wajen 150. Mesh 120 shi ne 125. Wannan na robar da aka ce maka 100 mesh, a tsakanin biyun yake. Idonsa ba laifi. Matsalarsa wankin. Kiliya mai hadna in ta kwana a ragar ta daskare, gobe ita ce za ta ɓantaro ta shiga sabon fentinka. Tinar da za ka ɓata wajen wanke shi kullum ta fi kuɗin na takarda. Ni ban ba ka shawarar sa ba.

Wani zai ce, bakin gon ɗin kansa milimita 1.3 ne ko 1.4, wato maikiron 1300 zuwa 1400, me ya sa za a damu da ƙwayar da ba ta kai 200 ba? Dalili biyu. Na farko, allura tana zaune a tsakiyar bakin, fentin ta gefenta yake bi, hanyar ba ta kai faɗin da aka rubuta ba. Ƙwaya ɗaya ta maƙale a nan, sai feshin ya karkace ko ya fara tofi. Na biyu shi ne ya fi muhimmanci: kaurin fentin da ke jikin mota. Otobes gaba ɗaya in ya bushe bai fi maikiron 15 zuwa 25 ba. Kiliya hannu biyu wajen 50 zuwa 60. To ka ga ƙwaya mai maikiron 150 ta fi kiliyar kanta tsawo nesa ba kusa ba. Ta wuce bakin gon salin alin, amma a kan bonet tsayawa za ta yi kamar tsauni, kiliya ta taru a gindinta ta ƙara mata girma.

Yadda muke yi a can:

Otobes na tina, ko mai ƙyalli ne ko marar ƙyalli, 190.

Kiliya, 125. Ruwa-ruwa ce, tana wucewa ba wahala, kuma ita ce fuskar aikin. In babu 125, 190 ma tana yi, kamar yadda Baba ya ce.

Faraima mai hadna da ake fesawa da baki 1.7 ko 1.8, in an sirka ta yadda gwangwaninta ya ce, 190 tana ɗauka a hankali. In kana iya samun mai ido 250 ko sama ya fi sauƙi. Faraima dai gogewa za a yi, ba a tsananta mata.

Akwai kuma otobes na ruwa, wanda ake sirkawa da ruwa na musamman maimakon tina. Shi dole 125, domin ɓawonsa in ya bushe ba ya sake narkewa. Amma ba na jin za ka gamu da shi a Gagarawa nan kusa.

Sai tsarin aiki, wanda a ganina ya fi zaɓen lambar ma muhimmanci. Kada ka haɗa fenti a cikin kofin gon. Ka haɗa a kofi daban mai tsabta, ka zuba hadna da tina, ka motsa sosai, sannan ka ɗora mataci a bakin kofin gon ka zuba. Tacewa ita ce aiki na ƙarshe. Na sha ganin mutum ya tace kiliya tsaf, sannan ya buɗe hadna ya tuttula a kai. Alhali hadnar ce uwar datti: tana shan danshin iska, ta yi ɓawo fari kamar gishiri a bakin gwangwani, duk buɗewa sai ya zuba ciki. Ina kyautata zaton ƙwayoyi masu tauri da farcenka ke kamawa su ne. Mataci ɗaya, haɗi ɗaya, ka yar. Wanda ka tace otobes mai ƙyalli da shi kada ya kusanci kiliya, in ba haka ba za ka ga taurari a inda ba ka shuka su ba.

Ka leƙa kuma ƙasan kofin gon ɗinka, inda yake ɗaurewa da jikin gon. Akwai wata 'yar raga ta roba mai kamar ɗan yatsa da ke zama a wurin. Yawancin ogogi cire ta suke yi su yar, wai tana rage gudu. Ita ce mai gadi na ƙarshe. Ba ta maye gurbin mataci, amma tana tare ɓawon da ya ɓallo daga jikin kofin ko murfinsa.

A manyan wurare yanzu akwai kofin leda na 3M da ake kira PPS, wanda ragar take manne a murfinsa, 125 ko 200, a haɗa a ciki a fesa daga ciki a yar. Yana da daɗin aiki, amma kuɗinsa ba na mai fesa Keke ba ne. Na ambata ne don in ka gan shi ka san shi.

Na Kasuwar Gujungu ya rubuta:

Kai jama'a, duk wannan dogon turanci a kan tace fenti? Ni gidan sauro nake yankawa in ninka huɗu, shekara nawa ina fesa kurar ruwa da ƙofofin ƙarfe babu wanda ya dawo mini da aiki. Ka ajiye kuɗinka malam.

Mai Oba ya rubuta:

Yaya, ƙofar ƙarfe da fentin mai daban, bonet ɗin Sharon daban. Gidan sauro galibi yana da ido wajen 156 a murabba'in inci, wato kamar 12 ko 13 a tsawon inci ɗaya. Da ma'aunin mesh ke nan bai wuce 13 ba, mu kuma muna maganar 80 zuwa 120. Kowane ido nasa ya haura milimita ɗaya, ya yi kusan faɗin bakin gon ɗin kansa. Ninki huɗu ba ya mayar da shi mai laushi, idanun ba sa daidaituwa, wani wuri ya toshe, wani ya zauna a wangale. Ga kuma maganin sauron da ke jikinsa, wanda ba ka san abin da zai yi da kiliya ba. A bar wa yara su kwana a ciki.

Tsohon Hannu, Wudil, ya rubuta:

In dai ta ɓaci, dare ya yi, mota za ta fita gobe kuma babu mataci, doguwar safar mata ta nailan sabuwa fil ta fi gyale, ta fi gidan sauro, don ba ta zubar da gashi. Mun yi da ita da yawa. Sai dai kada a ja ta da ƙarfi a bakin kofi, tana miƙewa idon yana buɗewa. Wannan dabarar fita kunya ce, ba ta kullum ba.

Mai Haɗa Kala ya rubuta:

Sallama gare ku. Ni ba na fesawa, haɗa kala nake yi a shago, kuma rigimar da ta fi zuwa mini ita ce ta ruwan azurfa. Mutum ya karɓi fenti, ya je ya fesa, ya dawo yana cewa na ba shi kalar da ba ita ba. Sau da yawa in na bi diddigi, a wajen motsawa da tacewa aka samu matsala.

Ƙyallin da ke cikin otobes ɓarɓashin alminiyam ne, falle-falle, kuma yana da nauyi, kwanciya yake yi a gindin gwangwani. In ba ka motsa har ƙasa ba, ka tuttulo na sama, ka bar rabin ƙyallin a baya. In kuma ka motsa sama-sama, ƙyallin ya taso a dunƙule, sai mataci ya riƙe dunƙulen. Ƙwayar ƙyallin fentin mota na yau da kullum ƙanana ce ƙwarai, 'yan gomomin maikiron ce, ɗai-ɗai tana wuce 190 ba tare da ta taɓa gefe ba. Amma a 125, musamman azurfa mai manyan ƙwaya ko mai lu'ulu'u, kuma da sanyin safiya fentin ya yi kauri, za ka iya ganin ragar ta yi fari fat bayan ka gama zubawa. Wannan farin da ka gani kalar motar mutane ce ka bari a takarda. Bonet zai fito ya ɗan fi ƙofa duhu, kuma ni za a zo a zaga. Saboda haka a kan azurfa ina tare da masu cewa 190. Ka riƙa duba ragar bayan kowace zuba: ɗan datti da ɓawo shi ake so a gani, ba ƙyalli ba.

Masu fesa babur da manyan ƙyalli irin na ado, wanda ake hango ƙwayarsa daga nesa, su kuma kiliyar ake tacewa tukuna, sannan a zuba ƙyallin. In ka bi da shi ta mataci ba abin da zai wuce.

Kuskure biyu da nake gani kullum. Fenti ya ƙi sauka da sauri, sai mutum ya sa sandar motsawa yana dannan ragar, ya huda ta ko ya ɓalle ta daga jikin takardar bai sani ba. Ko kuma ya ƙara tina don ya wuce, ya lalata ma'aunin haɗin, a jikin mota fenti ya yi ta hawaye. In ya ƙi sauka, ko dai idon ya yi wa wannan fentin ƙanƙanta, ko fentin ya yi sanyi. A hunturun nan ka kwana da gwangwanayenka a cikin ɗaki, kada ka bar su a rumfa.

Ka faɗa wa ƙanenka kafin ya biya ya zaro ɗaya ya ɗaga a rana. Ya duba inda raga ta haɗu da takarda, da tsinin ƙasa. Akwai masu araha da gam ɗinsu bai kama ko'ina ba, fenti ya bi ta gefe ya wuce bai ga raga ba. Araha ba ta ado. In ya kawo maka, ka zuba tina zalla a guda ɗaya ka ga ko gam ɗin zai saki. Sauran kuma ka bar su cikin ledarsu a ɗaure, a kife. Matacin da ya kwana a buɗe a kan benci cikin wannan ƙura ya riga ya zama abin da ake tacewa.

Abu ɗaya da mataci ba zai taɓa yi maka ba: mai da ruwa. In ka ga ƙananan ramuka masu kama da idon kifi, ba ƙwaya ba ce, maiƙo ne, ko daga kwamfireso, ko daga man goge dashbod da taya, ko daga hannunka. Wannan ruwa-ruwa ne, ta kowace raga zai bi.

Ma'aikaciyar Asibiti ta rubuta:

Ku yi haƙuri na shigo zancen maza. Mijina ma wannan sana'ar yake yi. Tunda ana maganar tace abin da zai shiga gon, a tuna da abin da ke shiga ƙirji. Hadnar kiliya tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, kuma sananne ne wajen jawo asma ga masu feshi. Wanda jikinsa ya riga ya kamu, ko kaɗan ya shaƙa sai numfashi ya sarƙe. Takunkumin ƙyalle ko irin na lokacin korona ba ya tare shi, rawani ma haka. Mafi inganci shi ne wanda ake turo masa iska mai tsabta ta tiyo. In ba hali, aƙalla a sami na roba mai gwangwani biyu na gawayi, ya kama fuska sosai, a riƙa canza gwangwanayen. Madarar da kuke sha bayan feshi kuma ciki take tafiya, ba huhu ba. Malam Ɗan Gagarawa, tunda ƙanenka zai shiga Kano, a sa wannan a cikin saƙon.

Ɗan Gagarawa ya rubuta:

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci. Na yi shiru ne don ina so in gama aikin kafin in dawo.

Ƙanena ya kawo mini 190 guda 50 da 125 guda 20. Na robar na bar musu. Takunkumin mai gawayi ma ya sayo, Hajiya, ko da yake sai da na rage kuɗin samfefa.

Baba, na yi gwajin gilashinka ranar Lahadi, kuma kunya ta kama ni, domin duka ukun sun nuna datti. Ɗigon da ban tace ba yana da ƙwayoyi farare. Da na duba bakin gwangwanin hadnata, ga ɓawon nan kamar kanwa, yadda Mai Oba ya faɗa. Na zuba haɗin ta 125, na ɗaga ragar a rana, na ƙirga ɓarɓashi ya fi goma a haɗin da bai kai rabin kofi ba. Duk wannan da gyale yake wucewa, ko kuma in ce ni nake zuba shi, don gaskiya a da sai na tace nake ƙara hadna.

Gon ɗin kuma na kwance shi gaba ɗaya, abin da rabona da yi tun bayan sallah. 'Yar ragar ƙasan kofi babu ita, ban ma taɓa sanin ana sa wani abu a wurin ba. A cikin hanyar fentin na ciro busasshiyar rawayar Keke. Da na kwance ƙusar ƙasan tankin kwamfireso kuwa, ruwa mai tsatsa ya fi kofin shayi biyu ya zubo. Matarar ruwa ta bakin tiyo ba a samo ba a wannan tafiyar, sai wani zuwan.

Jiya Litinin na goge bonet ɗin na sake fesawa. Gwangwanayen a ɗakina suka kwana, uwargida tana ta mita da wari. Na rufe gefe na huɗu na rumfar da tabarma biyu da wani tamfol na aro, na yayyafa ruwa a ƙasa tun da asuba, na fara da hantsi kafin iska ta taso. Otobes ta 190, ya sauka ba gardama, ragar ba ta riƙe ƙyalli ba. Kiliya ta 125. Gon bai yi tari ko sau ɗaya ba.

Zare babu ko ɗaya. Ƙwaya mai tauri babu. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, yau da safe na ƙirga ƙuraje bakwai ƙanana a bonet, biyu a fenda, duk a saman kiliya suke, launin ƙasa. Waɗannan na hunturu ne. Ga wani ɗan ƙwaro kuma da ya zo ya yi wanka a kusa da gilashi, ya bar sawun ƙafarsa.

Faraimar ce kawai ta ba ni wahala ta 190, sai da na tsaya riƙe da mataci kamar mai jiran koko ya tsane. Zan sa a nemo mini mai faɗin ido.

Na bar ta ta ƙara kwana saboda sanyi, gobe in bi ƙurajen da samfefa 2000 da ruwa, in yi foli. Kalar ta zauna da ƙofa, na duba ta gefe uku a rana. Gyalen kuwa bai wanku ba, Baba, an riga an yanke mini hukuncin sabo. Direban zai zo Laraba da yamma, yana so ya yi lodin Maigatari ranar Alhamis.